Masu Cewa Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa, Ku Matso Kusa

Na san ku, na kuma san inda kuke zama. Wasunku suna kan benci a ƙofar shago a Kasuwar Kongo, wasu suna teburin mai shayi bayan sallar isha'i, wasu kuma suna kan babur a bakin titi, ido ɗaya kan fasinja ɗaya kan waya. Duk ranar da aka ce gwamnati ta mayar da wani magani kyauta, kafin mai ba da labari ya rufe bakinsa kun riga kun taɓe naku: "Kyauta? A Kamaru? Haba Malam, banza ba ta kai zomo kasuwa!" Sai a kwashe da dariya, a tafa, a ce mai shayi ya ƙaro kofi ɗaya a rubuta a littafin bashi. To yau da ku nake, masana tattalin arzikin unguwar New Bell ta Duwala, waɗanda ba a taɓa kayar da su a gardama ba saboda ba sa bari kowa ya gama magana.

Ga abin da ake ta taɓe baki a kansa, don na lura da yawanku kuna musu ne a kan abin da ba ku tsaya kun ji ba. Ranar 12 ga Afrilu 2023, a garin Mandjou da ke kusa da Bertoua, ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin kula da lafiyar kowa da kowa, wanda ake kira CSU a taƙaice. Ba a ce kowa zai shiga asibiti ya fito bai taɓa aljihu ba. Abubuwa aka zaɓa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, a duba shi kyauta, a yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta. Mai tarin fuka da mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, maganinsu kyauta. Mai ciki, a yankunan da shirin ya shafa, ta sayi takardar da ake kira chèque santé a kan jaka shida, ta yi awo da hoton ciki, ta haihu ko da tiyata ce, a kula da ita da jaririnta har kwana 42. Sai masu wankin ƙoda: da sefa 5,000 suke biya kowane zama, sau biyu a mako, wato 520,000 a shekara. Yanzu 15,000 ne shekarar gaba ɗaya.

Na ga Alhaji ya gyara hula. Bismilla, ranka ya daɗe.

"Duk mun ji wannan a rediyo. Ina kuɗin za su fito? Ƙasar da bashi ya yi mata katutu ce za ta ɗauki ciwon mutum miliyan kusan talatin?"

Tambaya mai kyau, Alhaji, shi ya sa ma kai ne mai shago mu kuma masu leƙe. Amma kana magana kamar a yanzu ciwon nan ba wanda yake biyan kuɗinsa. Ana biya, kuma kai kake biya. A cikin kowace sefa 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, kusan 70 daga aljihun marasa lafiya da danginsu take fitowa kai tsaye, hannu da hannu, a gaban tagar karɓar kuɗi. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka suka kai mu wannan. Bayan haka, duk sabulun da ka saya, duk katin waya, duk kwanon rufi, akwai harajin 19.25 cikin ɗari a kansa. Ga tikitin kasuwa da ake yanka maka, ga kuɗin kwastan da ka biya a tashar jirgin ruwa kana tsine wa ranar. Kuɗin dai suna fita daga hannunka ta ƙofa biyu. Abin da ya rage shi ne a san ko za su dawo maka ta ƙofar asibiti.

Kuma kai ne shaida, don a sahun gaba kake salla. Liman ya sallame, kafin a shafa addu'a sai wani bawan Allah ya miƙe daga baya da takardar magani a hannu, ta sha ninki har ta fara yagewa. Murya na rawa ya ce matarsa na kwance, an ce sai an kawo jini leda biyu, ko ɗansa na jiran tiyata. Sai a fara zura hannu a aljihu: wannan dala ashirin, wancan dala ɗari, kai kuma ka zaro jaka biyu ka ninke ta yadda na kusa da kai zai ga launinta. Allah ya saka da alheri, ba na hana ka. Sai dai ka lura, wannan ma ɗaukar nauyin lafiyar wani ne da kuɗinka, abin da ka ce ba zai yiwu ba. Bambancin kawai, ana yin sa ne bayan ciwo ya riga ya ci jiki, kuma sai magidanci ya zubar da mutuncinsa a gaban jama'a kafin ya samu. Wanda kunya ta hana shi miƙewa, ko wadda ba ta da namijin da zai miƙe dominta, sai dai mu ji sanarwar jana'iza. A nan kuma ba ma ƙasa a gwiwa: ga rumfa, ga kujeru, ga shinkafa da goro ranar uku da ranar bakwai da arba'in. Da an tara rabin wannan mako biyu kafin nan, wataƙila da mamacin ne ke raba mana goron.

Hajiyoyin unguwa sun daɗe da gane abin da ku maza kuke ta kai-kawo a kansa. Shirin nan adashi ne. Kowa ya zuba lokacin da yake da hali, wanda ranarsa ta zo ya kwasa. Illa dai a wannan adashin ba mai addu'ar kwasarsa ta zo da wuri, kuma wanda shekara ta ƙare bai kwasa ba shi ne ya fi kowa riba. Don haka tambayar da ta dace da bakinku ita ce: wace ce uwar adashi, kuma ta taɓa gudu da kuɗin mutane?

Yauwa. Ga shi har kun miƙe zaune, don an zo wurin da kuke da gaskiya, kuma ba zan ƙwace muku ita ba.

Ɗan bansikin ɗin can, mai babur ɗin haya, da ke ta ɗaga hannu tun ɗazu yana so ya ce: "Na kai yarona, aka ce dubawa kyauta ne. Da aka gama sai aka miƙo mini takarda, wai maganin ya ƙare, in je waje in saya." Na yarda da kai, ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Kowa a unguwar nan ya san jerin: safar hannu, auduga, sirinji, ruwan ƙari, kati, gwajin jini. Kafin ka kai ga abin da aka ce kyauta ne, ka tsallake abu shida da ba kyauta ba. Amma ka san dalilin da ya sa maganin yake ƙarewa? Asibiti yana duba yaronka ne bisa alkawarin gwamnati za ta mayar masa da kuɗinsa. Idan wata shida ta wuce ba a mayar ba, da me zai sake sayo magani? Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. A 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yi musu magani kyauta. Iyaye suka yi tururuwa zuwa asibiti, mutuwar yara ta ragu sosai, wannan ba mai musu. Sai dai takardun neman biya suka taru a ofisoshi, bashin biliyoyin sefa ya hau kan gwamnati, ƙananan asibitoci a Maraɗi da Damagaram suka koma suna da likita ba magani. Tambayi duk ɗan Maraɗin da ke sayar da albasa a Babbar Kasuwa, zai ba ka labari har ka gaji. Mu ma nan, masu wankin ƙoda sun sha fitowa bakin asibiti a Yawunde da Duwala suna kuka kan inji ya lalace ko kayan aiki sun yanke. Jaka goma sha biyar a shekara sauƙi ne babba, amma sai in injin na aiki.

Ga kuma wani wurin da ƙafarmu ba ta taka ƙasa sosai ba. Maganin cuta mai karya garkuwar jiki ya zama kyauta a Kamaru tun 2007. Gidan sauro ana raba shi kyauta. A Janairun 2024 ƙasar nan ce ta fara sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin allurar yara ta yau da kullum, kafin kowace ƙasa a duniya. Abin alfahari ne. Amma kaso mai yawa na kuɗin waɗannan daga waje yake zuwa, daga asusun duniya na yaƙi da waɗannan cututtuka, da ƙawancen rigakafi na Gavi, da gwamnatin Amurka. Ita kanta takardar jaka shida ta masu ciki, da kuɗin Faransa da Jamus aka fara ta a arewa. Da Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, kowa ya ga yadda hankalin ma'aikatan lafiya ya tashi a faɗin Afirka. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabta, ranar da aka rufe ƙofa da wuri da yunwa zai kwana.

To kun ci wannan zagayen, ku sha shayinku. Amma ku ji abin da kuka ci: kun nuna cewa ana jinkirin biya, kuma ana dogaro da baƙi. Ba ku nuna cewa ƙasar ba za ta iya ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya. Kamaru ta sa hannu, kuma har yau ko rabin hakan ba ta kai ba. Ƙasar da ke da man fetur, take kuma fitar da koko da katako da auduga da ayaba ta wannan tashar da ke bayan gidajenmu, ƙasar da ta gina filin ƙwallo na Japoma da na Olembe don gasar Afirka. Ban ce kada a buga ƙwallo ba, ni ma na yi ihu har muryata ta dushe. Na dai ce wanda ya iya wancan, kada ya ce mana auduga da sirinji sun gagare shi. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta ɗora kashi biyu da rabi a kan harajin saye da sayarwa domin ita kaɗai. Gabon, maƙwabciyarmu ta kudu, ta ɗora haraji kan kamfanonin wayar salula da masu aika kuɗi waje don ta biya wa talakawanta. Duka biyun sun yi tuntuɓe, sun ci bashin asibitoci, ana ta ƙorafi. Amma ko a can, mutumin da ya fi kowa zagin shirin ba ya yarda a karɓe katinsa.

Baba da ke gefe yana murmushi, don ya ga jiya ya ga yau. Ku tambaye shi. A zamanin Ahidjo mutum kan shiga asibitin gwamnati a duba shi a ba shi magani bai biya komai ba, ko ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, sai aka zo da tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987: majinyaci ya biya wani abu, asibiti ya riƙa juya kuɗin yana sayo magani. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi. Nas ɗin da albashinta ya koma rabi, ga 'ya'ya ga haya, ita ce ta fara sayar da allura daga aljihun farar riga. Saboda haka "biya kafin a taɓa ka" da kuke ɗauka kamar da shi aka halicci duniya, bai kai shekarun Baba ba. Mutane ne suka zauna suka tsara shi, mutane kuma za su iya zama su warware.

Yanzu maganar adalci. Hajiya ce ta aiko da ita, kuma ta fi ta mazan nauyi. Ta ce ƙanwarta a Garwa ta haihu da jaka shida, har da tiyata, ita kuma 'yarta a nan New Bell sai da aka sayar da 'yan kunne. "Mu ba 'yan ƙasa ba ne?" Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin, yankuna biyar aka sa cikin wannan takarda: Arewa Mai Nisa, Arewa, Adamawa, Gabas da Kudu. Yankinmu na Littoral ba ya ciki. Hujjarsu ita ce a can mata suka fi mutuwa wurin haihuwa, kuma asibiti ya fi nisa, wannan kuwa gaskiya ne. Idan abinci bai isa ba, wanda ya fi galabaita ake fara ba. Sai dai masu zana taswira a ofis sun ɗauka duk wanda ke Duwala mai kuɗi ne. Su zo Makea da damina, su ga ruwa har gwiwa a cikin ɗaki, su ga rijiya da masai suna gaisawa, su ƙirga mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya. Talaucin birni ba ya fitowa a taswira, don Bonanjo da Bonapriso suna rufe shi. Unguwar nan tun asalinta wurin da aka tura mutane ne: Jamusawa ne suka ƙwace filayen bakin kogi daga hannun mutanen Duwala suka ce su koma nan, rigimar da ta kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya baƙi suka cika ta, ciki har da kakanninmu fatake. Fiye da shekara ɗari ke nan ana tuna mu a ƙarshe. Saboda haka ƙorafinki daidai ne, amma maganinsa a faɗaɗa takardar ta iso nan. Kada haushi ya sa mu ce a karɓe ta ƙanwarki.

Akwai kuma mai cewa, a hankali don kada a ji: "To baƙi fa? 'Yan Nijeriya, 'yan Nijar, 'yan Chadi, 'yan Mali, duk mu ɗauke su?" Kai Malam, ka rage murya, kakanka ma da jaki ya zo daga Kano, har yanzu ana ba da labarin jakin. Baƙon nan yana biyan harajin sabulu kamar yadda kake biya. Kuma kwalara da ta addabi Duwala a 2004, ta sake dawowa a 2022 har ta shiga gidan yarin da ke tsakiyar unguwarmu, ba ta tsaya neman takardar zama a hannun kowa ba. Mai tarin fukan da aka kora don ba shi da kuɗi, a sahu ɗaya za ku yi sallar asuba, kafaɗa da kafaɗa.

Idan rashin adalci kuke nema, ku ɗaga kai sama. Manya idan kansu ya sara sai jirgi, Faransa ko Indiya ko Tunisiya, wasu ma da kuɗin baitulmali. Wannan lafiya kyauta ce ta gasken gaske, ta daɗe ana yin ta, ban kuma taɓa jin an tambaya a teburin mai shayi ko za ta ɗore ba. Sai an ce za a duba ɗan mai wankin takalmi kyauta, sannan kowa ya zama akanta.

Sai ku da kuke cewa asibiti tsada, gara kasuwar magani ta Gazon. Na san wurin, kada ku yi mini kallon rashin sani. Magani a zube a tebur rana na dukansa, mai sayarwa ya dube ka sau ɗaya ya ce taifot ce, ya haɗa maka ja da fari da rawaya a leda, ya ce biyu da safe biyu da dare. Shi likita, shi mai gwaji, shi mai kantin magani, kuma bai taɓa cewa "ban sani ba". Ba na zargin wanda ya je, rashin kuɗi ne ya kai shi. Amma likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa shan ƙwayoyin kashe ciwo barkatai na cikin abubuwan da ke lalata ƙoda, tare da hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba. Wato jakar da ka tsimi yau, ita ce za ta iya kai ka layin injin da kake cewa gwamnati ba za ta iya riƙewa ba. Mai lissafi irinka ai bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Nan zan ajiye wasa kaɗan. A watan Maris na 2016, hoton wata mata mai cikin tagwaye ya zaga duniya daga harabar asibitin Laquintinie, bayan 'yar'uwarta ta yanka cikinta da reza don ta ceto jariran. Ba wanda ya rayu. Hukuma ta ce matar ta riga ta rasu kafin a iso da ita, mutanen gari da yawa ba su gamsu ba, aka fito zanga-zanga. Ba ni zan yanke hukunci ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda kowa ya yi saurin gaskata cewa kuɗi ne sanadi, don kusan kowane gida a Duwala yana da labarin daren da aka tsaya a ƙofar asibiti ana buga waya ana neman rance. Duk tsarin da zai sa a fara taɓa majinyaci kafin a tambayi aljihunsa, ya cancanci a yi masa gardama ta gyara.

Ni dai ga inda na tsaya, in kun ga dama ku ce an saye ni, ko da yake wanda ya saye ni bai biya ba tukuna. Komai da komai kyauta ga kowa, ba yanzu ba, kuma duk ɗan siyasar da ya yi muku wannan alkawari ku riƙe aljihunku. Amma haihuwa, da lafiyar ƙananan yara, da taimakon gaggawa, da cututtuka masu yaɗuwa, waɗannan ƙasar nan za ta iya ɗauka, da sharaɗi a ware musu kuɗinsu daban inda hannu ba zai kai ba, a kuma biya asibitoci a kan lokaci. Mai hali ya zuba da yawa, marar hali ya zuba kaɗan ko a yafe masa. Alhaji, na ga ka haɗe rai. Kai da kake fitar da zakka duk shekara ba sai an koya maka wannan ba.

Saura ku da kuka ƙi yin rajista wai dabara ce ta ƙirga mutane don haraji. Haraji ya riga ya san ƙofar shagonka, har ya san ranar da kake sauke kaya. Ka ɗauki yaran nan da takardun haihuwarsu ka kai su asibitin gunduma na New Bell ko cibiyar lafiya mafi kusa, ka tambayi inda ake rajistar CSU. Idan an ce ka biya abin da aka sanar kyauta ne, ka nemi rasit, ka riƙe shi. In 'yan takara sun zo ƙofar masallaci da buhun shinkafa, ku karɓa, sannan ku tambaye su kashi nawa aka ware wa lafiya a kasafin bana, da kuma yaushe takardar jaka shida za ta iso Littoral. Bayan nan ku dawo mu ci gaba da musu, amma wannan karon kowa ya biya kuɗin shayinsa.